Yadda Za Ka Raba 'Yarka da Littafi Kafin Ta Fi Ka Sani

Kai uba, jawo kujera. Idan kana da 'ya wadda a da ko takalmi za ta sa sai ta tambaye ka wanne ne na dama, yanzu kuwa sai ka kira ta sau uku kafin ta ɗago kai daga takarda, to kai nake nema. Na ɗaukar maka alkawari: in ka bi matakan nan bi da bi, ba ka tsallake ko ɗaya ba, kafin wata biyu littafi zai bar hannun 'yarka. Ba a taɓa gwada hanyar nan ta ƙi ba. Sau ɗaya aka gwada ta.

Ba da ka nake zuba ba. Ni ma uba ne, ina da huɗu, karatuna kuma ba wani mai nisa ba ne. Wanda aka gwada maganin a kansa maƙwabcina ne, wani tela ɗan shekara arba'in da bakwai, mai shago ɗaya a bakin layinmu da keke biyu, ɗaya na ɗinki ɗaya na ɗora kaya. A aji biyar na firamare ya ajiye biro. Yana karatu, amma sai da yatsa, leɓensa na motsi kamar mai tauna. Babbar 'yarsa, wadda ya laƙaba wa Maɓalli tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburin yanka, ta shiga sha huɗu. Abin da ke hana Tela sukuni guda ɗaya ne, kuma shi ne naka ko ba ka faɗa ba: kada wata rana yarinyar nan ta dube shi da kyau ta gane bai san komai ba.

Mataki na ɗaya: Gane cutar tun tana sabuwa

Alamar farko shiru ce. Kada shirun ya ruɗe ka ka ce yarinya ta yi hankali. Yaron da ya yi shiru a ɗaki, ko dai ɓarna yake ko karatu, kuma ɓarna ta fi sauƙin gyara.

Alama ta biyu tambaya. Ta uku, wadda in ta bayyana cuta ta riga ta ci jiki, ita ce amsa.

Shekara da shekaru, Maɓalli na tasowa daga makaranta sai shago. Ta hau buhun ƙyallaye tana kaɗa ƙafa, Tela na taka keke yana yi mata bayanin duniya: abin da ke hana jirgin sama faɗowa, dalilin da kyanwa ke gudun ruwa, inda iska ke zuwa in ta gama kaɗawa. Bai taɓa rasa amsa ba. Wasu amsoshin nan take yake yanka su ya ɗinka, kuma suna zama daidai jikinta.

Ran nan Mai aski, wanda shagonsa ke manne da na Tela, ya leƙo hira, magana ta kai kan farin wata. Tela ya gyara zama ya bayyana cewa wata kamar fitila yake, da wutarsa da mansa, shi ya sa yake raguwa in man ya ja baya, ya cika in an ƙara. Daga kan buhu, ko ɗago kai ba ta yi ba, Maɓalli ta ce, "Baba, ai ba shi da wuta. Hasken rana ne ke dukansa, mu kuma muna ganin gefen da ya haska."

Ba da raini ta faɗa ba. Da ma da raini ne, da ya san abin yi. Mai aski ya yi dariya har ya dafa ƙofa, ya ce ashe duk shekarun nan man banza Tela ke ɗura wa wata. Tela ya taya shi dariyar, ya taka keke da ƙarfi, ya ɗinke aljihun wandon wani ta sama da ƙasa.

Ka riƙe wannan: ranar da 'yarka ta gyara maka magana kuma ta yi daidai, ka riga ka makara.

Mataki na biyu: Cika mata hannu

Kada ka ce ka hana. Duk abin da uba ya hana, gishiri ya ƙara masa. Nemo mata aiki, ka kira shi koyon sana'a.

Tela ya ba ta farkar ɗinki, ya ba ta guga, ya jawo wani tsohon gwangwani cike da maɓallan shekara ashirin ya ce ta ware su launi-launi. Ta karɓa da hannu biyu. Ta jingina littafin da bango, ta danne shafin da ƙaramin almakashi, hannu na aiki ido na kan layi. Kafin yamma ta gama komai, ta kuma gama babi uku. Abin da ya fi ɓata masa rai, farkarta ta fi tasa tsafta.

Da ya kai ƙara wurin matarsa, Maman yara, sai ta tambaye shi laifin yarinyar. Ya ce ba ta da laifi, ai matsalar ke nan. Ta ce to in ya gano laifin ya zo su yi fushi tare, yanzu wanki take.

Mataki na uku: Ɓata wa littafi suna

Tunda aiki bai raba su ba, shiga tsakani da tsegumi. Ka ce littafi na cinye ido. Ka ce yana kawo ciwon kai da rama. Ka ba da labarin wani da ka sani, wanda ya yi ta karatu har ya fara gaida falwaya da safe. Kowane uba na da irin mutumin nan a ajiye, in ba ka da shi ara wurin maƙwabci.

Sai dai ka shirya. Maɓalli ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta tambayi sunan mutumin, da abin da ya karanta, da ko wani ya taɓa tsayawa ya ji abin da yake faɗa wa falwayar. Ka ga abin da nake gaya maka. Yaron da ba ya karatu, in aka ba shi labarin mahaukaci tsoro yake ji. Mai karatu tausayi yake ji. Maman yara kuma ta jefo daga kicin cewa mutumin da ya shekara talatin yana zura zare a kafar allura bai kamata ya yi wa kowa wa'azin ido ba.

Mai aski ne ya kawo dabara. Ya ce shi ya lura duk mai bin labari ƙarshen yake bi, kamar mai hawa bene don abin da ke sama. A cire masa ƙarshen sau ɗaya, sau biyu, zai gaji ya daina hawa. Ka dinga neman shawara wurin mai aski. Mutumin da ke wuni riƙe da kawunan jama'a ba zai rasa sanin abin da ke ciki ba.

Mataki na huɗu: Yanke ƙarshen

Jira ranar da za ta manta shi. Wata Asabar da hantsi Maman yara ta ƙwala wa Maɓalli kira daga ƙofar gida ta zo ta taya ta shanya. Yarinya ta fita da sauri, ta bar littafin a kan buhu, da jan zare a ciki inda ta tsaya. Saura mata kaɗan.

Tela ya ɗauko shi ya shimfiɗa a teburin yanka kamar yadi. Ya ware takarda goma sha biyu daga baya. Ya ja layi da alli, don shi ba ya yanka sai da layi. Sannan ya miƙa hannu bai duba ba.

A nan ka buɗe kunne. Tela na da almakashi uku. Akwai babba na yanka yadi, akwai ƙarami na datse zare, akwai kuma mai haƙora, wanda ke barin baki kamar na zarto, ana bin gefen yadi da shi don kada ya zare. Shekara talatin hannunsa ya saba: duk gefen da zai zauna a ciki ba kalmasa, mai haƙora ake sa masa. Hankalinsa na can yana sauraron takun yarinya, hannunsa ya yi aikin da ya iya. Yanka ya fita tsaf, haƙori bayan haƙori, babu wanda ya fi wani. Har ya ɗan ja baya ya yaba.

Takardun kuma bai zubar ba. Tela ba ya zubar da ragowar yanka, ko da faɗin yatsa ne. Ya sa su a durowar keke, ƙarƙashin kwalin allurai.

Abu ɗaya ne bai duba ba: shafin farko, inda aka buga hatimin laburaren unguwa. Littafin ba nata ba ne, aro ta yi da kati.

Kai in za ka yi, yaga da hannu kamar kowane azzalumi. Kada ka sa gwaninta.

Mataki na biyar: Yi kamar ba ka nan aka yi

Yana kallo ta gefen ido lokacin da ta kai wurin. Tana kan buhu, ta juya shafi, ta sake juyawa, ta shafa gefen da yatsa a hankali. Ta dubi ƙusar da ake rataye almakasai. Shi ba ta dube shi ba. Shi kuwa ya duƙufa kan kwalar wata riga kamar ransa na ciki.

Ranar Litinin ta mayar da littafin. Malamar laburare, wata doguwar mata mai tabarau a goshi, ta duba gefen ta tambayi wanda ya yi. Maɓalli ta ce ita ce. Malamar ta sake tambaya, ta sake cewa ita ce. Aka karɓe katinta na wata shida. Aka rubuta sunanta a allon bakin ƙofa inda ake sa masu ɓata littafi, ta inda duk 'yan ajinsu ke wucewa. Aka kuma ba ta littafin ta kai wa iyayenta su ga aikinta. Ta kawo shi shago, ta ajiye a teburin yanka, ta ce an ce a nuna masa, ta juya.

To, ka ga nasara. Babu littafi a hannunta. Tana gaida shi da safe, tana kawo masa ruwa, duk abin da ya ce sai ta ce to, Baba. Ba ta ƙara gyara masa magana ba. Ran nan da gangan ya ce kifi da wutsiya yake shan iska, ya jira. Ta ce, "To, Baba." Daga makaranta kuma sai gida. Buhun ƙyallaye ya koma buhun ƙyallaye.

Idan ka ji wani abu ya tsaya maka a ƙirji a wannan mataki, sha ruwa. Nasara ce, haka take da nauyi.

Maman yara ce ta gaya masa zancen kati da allo, tana ninke kaya, ba ta ɗaga murya ba. Ya fara cewa ai yaran yanzu ba su da kula, sai ta tsayar da ninkin.

"Baban Maɓalli, duk layin nan mutum nawa ne ke da almakashi mai haƙora?"

Ya ce shi ba zai iya sanin abin da ke gidajen mutane ba.

"Ita ta sani. Sau biyu aka tambaye ta. Sunanta ta bayar don kada a ji naka."

Mataki na shida: Nemo hujja a cikin littafin

Uba ba ya kuskure, sai dai hujjarsa ta makara. Tunda an matsa maka, buɗe littafin ka nemo kalma ɗaya ta rashin tarbiyya, ka ja mata layi, ka kai wa uwar ka ce ga abin da ka tsare 'yarku daga gare shi. Shafi biyu sun isa. Kada ka wuce biyu. Ina maimaitawa ne saboda a nan Tela ya zame.

Ya buɗe da rana, lokacin da ƙafa ta ɗauke, ya ɗora yatsa. Labarin wani direban babbar mota ne da ya ɗauko lodin tumatir, ya tsinci wani tsoho a bakin hanya riƙe da jaka, ya ce zai rage masa hanya. Sai da suka yi nisa ya tambayi tsohon garin da za shi, tsoho ya ce sunan ya kwanta masa. Ya dai tuna akwai gada, akwai babbar bishiya a bakin makaranta, akwai 'yarsa.

Babu kalmar banza a shafi na ɗaya. Babu a na biyu. Tela ya ce wataƙila sun ɓoye ta a na uku. A shafi na ashirin ya ji ƙauri, ya tarar dutsen guga ya zana hotonsa a bayan rigar wani. A na hamsin ya ji kansa yana gaya wa direba a fili cewa tumatir fa ba ya jira. Mai aski ya leƙo ya tambaya da wa yake, ya ce da zare. Maman yara ta kawo masa abinci ta same shi ya tura littafin ƙarƙashin yadi, kusurwa ɗaya na leƙowa. Ta tambaya ko ya gano kalmar banzan. Ya ce ya kusa. Ta ce ya bi a hankali kada ta tsere masa.

Abin da yarinya ta cinye a kwana biyu, shi kwana goma sha ɗaya ya yi yana tauna. A kwanakin nan ne cutar ta nuna ainihin muninta, kuma ina so ka ji don ka tsorata. Da ilimi kawai littafi ke ƙara wa mutum, da da sauƙi. Sa ka yake ka fara tunanin abin da ke cikin ran wani.

Akwai wani dattijo da ya kawo ɗinkin riga, mako uku yana zarya, kullum Tela na ce masa gobe. Kalmar nan, gobe, da ita Tela ya koyi sana'a, da ita ya yi niyyar barinta. Ran nan dattijon ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi, Tela ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Sai ya tsinci kansa yana tunanin daga ina mutumin nan yake takowa, wa ke jiransa, me yake gaya musu in ya koma hannu wofi. Ya tambaye shi me zai yi da rigar. Dattijo ya ce matarsa ce ke kwance a asibiti, ita ta zaɓi yadin, kullum ya je dubiya sai ta dubi jikinsa ta yi shiru. Tela ya kakkaɓe masa kujera ya ce ya zauna. Awa biyu riga ta fito, har da guga.

Sana'ar shekara talatin ta lalace a yini ɗaya. Tun daga ranar, in ya ce Laraba, Laraba ce. Sauran telolin unguwar sun daina amsa gaisuwarsa.

Mataki na bakwai: Yi amfani da damarka

Rana ta goma sha ɗaya. Tumatir ya ruɓe, direba ya zaga gari shida, ga gada ta bayyana daga nesa, tsoho ya kama hannun direba ya ce ya tsaya. Tela ya lashi yatsa ya juya shafi. Haƙora. Ya sake juyawa, sai bangon littafi. Ya buɗe baki zai zagi wanda ya yi wannan ɗanyen aiki, sai ya tuna.

To kai uba, ga damar da ka daɗe kana nema. Ƙarshen na cikin durowa, miƙa hannu kawai za ka yi. Ciro shi ka karanta. Yau dai ka san abin da 'yarka ba ta sani ba, abin da kuma take ƙishin sani. Da yamma ka zauna ka miƙe ƙafa, ka ce ai tun farko ka hango yadda zai ƙare. Da kanta za ta dawo kan buhu.

Tela ya ja durowa. Ya ciro takardun. Idonsa ya faɗa kan layin farko, ya yi maza ya kifa su. Sai ya ɗauko wani farin ƙyalle ya rufe rubutun, ya bar gefen kawai. Ya yanko siririn yadi mai laushi, ya shafa gam, ya haɗa haƙori da haƙori, kowanne ya koma ramin da ya fito. Sannan ya bi da allura, ɗinkin hannu, ƙananan taku, takarda ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da zai juya sai ya kau da kai ya ja ƙyallen. Mai aski ya shigo ya tarar da shi yana aiki fuskarsa na kallon bango, ya tambaya ko wuyansa ne ya sanƙare. Tela ya ce a'a, akwai wadda ta riga shi layi.

Wannan ba ya cikin matakaina. Na faɗa ne don ka guje shi.

Mataki na takwas: Kada ka je laburare

Ko ka faɗi sauran duka, riƙe wannan. Kada ka je. Uba ba ya ba da haƙuri. Takalmi yake sayo wa yaro, kowa ya gane.

Tela ya je. Ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya a ƙofar gida ya ce Maɓalli ta raka shi wani wuri. Ta ce to, Baba, ta bi shi taku uku a baya. Bai taɓa shiga laburaren ba, ko da yake kullum ta gabansa yake wucewa sayen zare. Ɗaki ne guda mai fanka biyu, kantoci har rufi, yara zaune shiru kamar an yi musu laifi. A bakin ƙofa ya ga allon. Ya sa yatsa ya bi sunayen har ya kai nata, na huɗu.

Ya ajiye littafin a gaban Malamar. Tun daga gida ya shirya jawabi, mai gabatarwa da dalilai, amma ga abin da ya fito: "Malama, ni na yanke. Ba ita ba ce. A goge nata a sa nawa."

Shirun wurin ya sa kowa ya ji. Malamar ta sauko da tabarau daga goshi, ta buɗe littafin ta baya, ta bi ɗinkin da farce, ta ja takarda ɗaya a hankali ta ga ba ta motsa ba. Ta ce tun ranar farko ta san aikin tela ne, ɗinkin ne kawai ba ta zata ba. Ta tambaye shi abin da ya sa ya yi. Ya dubi kantoci, ya dubi fanka, ya ce tsoro ya ji. Ba ta tambaye shi tsoron me ba. Ta miƙa masa tsumma ta ce ya goge sunan da kansa. Nasa kuwa ta ce ba zai rubutu ba, don allon na masu kati ne, sai dai in zai cika takarda a ba shi. Ta kuma nuna masa wani kwali a ƙarƙashin tebur, cike da littattafan da suka rabu da bangonsu, ta ce ita ba ta ce komai ba, nuna masa kawai ta yi.

A hanya Maɓalli na rungume da littafin, katinta a ciki. Suka wuce shagon mai walda, suka wuce famfo. Can sai ta ce, ba ta dube shi ba, "Ka karanta ƙarshen?"

"A'a. A gada na tsaya."

Ta ƙara sauri har suka jera. Ta ce ita a ganinta tsohon ya tsayar da mota ne don ya gane ba gadar ba ce, za su sake juyawa. Tela ya girgiza kai. Ya ce gadar ce, kuma tsohon ya gane ta sarai, shi ya sa ma ya kama hannun direba.

"To me zai hana shi ƙarasawa, Baba, ga gida?"

"Tsoro yake kada ya shiga 'yarsa ta yi masa tambaya ya rasa amsa. Gara ya tsaya daga nesa, inda take tuna shi da saninsa."

Ta tsaya cak a tsakiyar layi. Ta ce sau biyu ta karanta wurin ba ta ga haka ba, a wane shafi aka faɗa? Ya ce ba a faɗa ba. Ta dube shi da kyau, irin duban da yake gudu, ta daɗe tana yi. Shi kuma bai kau da kai ba.

Da suka isa shago ta hau buhu, ta buɗe wurin ɗinkin, ta miƙa masa. Ya ce ita ta karanta, ta fi shi sauri. Ta ce shi ya yanke, shi zai karanta, kuma a fili. Ya goge hannu a riga, ya ɗora yatsa. Rabonsa da karatu a gabanta tun tana aji uku, don kada ta ga yatsan. Ya fara, yana tuntuɓe, yana komawa baya. A layi na biyar ya ci karo da wata doguwar kalma, ya gwada ta sau biyu ta ƙi. Ta faɗa masa. Ya maimaita, ya jira ya ji ko wani abu zai faɗo masa a ka. Ba abin da ya faɗo.

"Ci gaba, Baba," in ji ta. "Kada ka yi sauri, ba na son ya ƙare."

Takarda goma sha biyu, sai da inuwa ta tsallaka titi. Wani ya zo karɓar wandonsa, ya ga uba da 'ya, ya jingina da ƙofa ya jira. Daga baya ya tambaya a hankali, wai wane ne tsohon.

Kafin ka tashi

Babu ruwan mai wannan rubutu da duk abin da ya same ka bayan ka karanta. Idan ka ƙona rigar mutane, tsakaninka da mai riga. Idan ka wayi gari ka kasa yi wa mai jiranka ƙarya, abokan sana'arka suka juya maka baya, ba ni na aike ka ba. Idan matarka ta fara kallonka tana murmushi ba ka san dalili ba, kada ka kawo mini ƙara. Idan 'yarka ta gyara maka magana a gaban jama'a ka ji ka ce na gode, wannan ciwo ne da ba ni da maganinsa, kuma na gaya maka tun farko shafi biyu sun isa.

Wanda kuma ya zo tambayata ko tsohon ya ƙetare gadar, ya koma inda ya fito. Tela ya ƙi gaya mini, 'yarsa ta ƙi. Malamar laburare ta ce akwai mutum uku a layi kafin ni, na farkonsu Mai aski.